Kawun da Ke Gudu Yana Gaisuwa

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, Kawuna kuwa ya riga mu komawa. Ya cika da hantsi bayan gajeriyar jinya, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ba sanarwa nake yi ba. Masu manyan riguna duk sun ji, sun zo, sun ci shinkafar sadaka sun tafi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mutumin da na ji ana ta yabo a ƙarƙashin rumfar makoki a unguwar Wulari ban san shi ba. Ina tsoron in aka tafi a haka, wannan baƙon za a riƙa tunawa, Kawuna na gaskiya ya ɓace.

"Dattijo ne mai natsuwa," in ji wani alhaji mai shagon siminti, yana girgiza kai yana tsotsar haƙora. Wannan alhajin da kunnena na ji shi bara yana ba da shawarar a nemo malami ya yi wa Kawu ruƙiyya. Na kusa da shi ya ɗora nasa: "Wallahi ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, sai in za shi masallaci." Na zuba masa ido, ya sunkuya yana gyara zaman hularsa. Ƙofar gidansa muke wucewa ni da Kawu kowace safiya a guje, yana zaune kan benci yana nuna mu da asuwaki yana ƙyaƙyata dariya. A cikin gida kuma, mahaifiyata ta ce matan sun ɗan fi mazan gaskiya. A bayyane sukan ce kwana ne ya ƙare, in sun haɗa kai kuma su ce gudu ne ya kashe shi.

Ba haka kawai bakin mutane ya zo ɗaya ba. Tun kafin a gama wankan gawa, Babban Kawu, yayan mamacin kuma yayan mahaifiyata, ya tara mu a zaure ya kafa doka. Kada a ji wani ya ambaci maganar gudu a gaban baƙi. Takalman gudun nan nasa a fitar da su daga gidan. Sannan ya juyo kaina, ya nuna ni da carbinsa.

"Kai kuma, malamin makaranta, an gama. Gudun nan ya ci mana mutum ɗaya, ba zai ci na biyu ba. Tafiyar da kuka ƙulla zuwa kudu, ka cire ta daga ranka."

Tafiyar da yake nufi gasar gudun famfalaki ce, mai nisan kilomita arba'in da biyu, da ake yi a wani birni can kudu. Mun daɗe muna shirinta ni da Kawu, saura 'yan watanni. Ban ce wa Babban Kawu to ba, ban kuma ce a'a ba, don ban iya jayayya da gawar Kawu a kwance a ɗaki ba. Da yamma na zaga bayan gida na tarar da takalman a kan bola, ɗaya a kife, akuya tana shinshinar igiyar ɗayan.

To bari in faɗi wanda aka binne ranar nan, tunda rumfar makoki ta ƙi faɗa.

Kawu ɗan kasuwar kifi ne. Banda yake saye kwali-kwali a Baga Road yana aikawa kudu, ƙaurin hayaƙin kifi ya kama jikinsa har ba sabulun da ke fitar da shi. In ya rungume ka ranar Sallah, da wannan ƙaurin za ka wuni. Asalin danginmu can bakin tafki ne. A shekarun tashin hankali suka baro garin, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka, suka zube a Maiduguri, ni lokacin ina nan ina karatu. Kawun da ya iso mana mutum ne mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, in ya ɗan taka da sauri sai ya nemi bango ya dafa. Ɗansa na fari bai iso tare da su ba, kuma ba a maganarsa a gidan.

Shekaru suka ja, gari ya lafa. Wata safiya Kawu ya dawo daga sallar asuba, ya ɗaura wasu kambas da ya sayo a wurin 'yan gwanjo, da tsohon kaftani da hularsa a kai, ya buɗe ƙofa ya zura a guje. Bai yi shawara da kowa ba.

Wanda bai zauna a garin nan a waɗancan shekarun ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A nan in ka ga mai furfura yana gudu, ba ka tsayawa tambaya. Mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta. Mata suka fito da goyo a karkace, wata da mayafi a hannu, wata da tabarya ba ta ma san ta riƙo ta ba. Wani mai keke ya juya da fasinjojinsa a tsakiyar titi. Kawu na gaba, bai san me ake ciki ba, numfashi na neman gagararsa. Da ya kai ƙarshen layi ya dafa gwiwa ya waiwaya, sai ya ga rabin unguwa a bayansa.

"Alhaji, ta ina suke?"

"Su wa?"

"Waɗanda ka gani mana!"

"Ni ban ga kowa ba," in ji shi, yana haki. "Motsa jiki nake."

Ranar an zage shi da Kanuri, an zage shi da Hausa, wani Bashuwa ya cike da Larabci. Kuma mutane na da gaskiyarsu, don wata tsohuwa ta gurɗe ƙafa, wani yaro ya kwana biyu ba ya cin abinci. Aka kai ƙara wurin Bulama, wato mai unguwarmu. Kawu ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya bi gida-gida ya duba waɗanda suka ji ciwo. Kowa ya ɗauka shi ke nan, hankali ya dawo. Sai ya ce:

"Bulama, wanda ake bi ba ya tsayawa gaisuwa. Daga gobe duk wanda na wuce zan gaishe shi, cikakkiyar gaisuwa, ya amsa in amsa. Ranar da kuka ga na wuce shiru, to ranar ku biyo ni."

Bulama ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce a bar shi ya gwada, ba zai kai Juma'a ba.

Gaisuwar Barno ba gajera ba ce. Wushe, nda watu, ya gida, ya iyali, ya zafi, ya mai jiki, a juyo maka da ita kai ma ka amsa ɗaya bayan ɗaya. Mai haki ba ya iya wannan. Dole Kawu ya rage gudun har ya zama ɗan sassarfa, wanda yaro mai tallan goro zai iya wuce shi. Nan masu benci suka sami abin dariya na biyu. A ganina kuwa wannan ragewar ce ta sa ya ɗore. Bai taɓa dawowa gida a rarrafe ba, bai taɓa kwana da ciwon da zai hana shi fita gobe ba. Daga nan ne ya samo maganar da na fi ji a bakinsa: "In gudu ya hana ka amsa gaisuwa, ya fi ƙarfinka, rage shi. Amma kada ka tsaya."

Ni ɗan leƙen asiri aka aike ni. Mahaifiyata ta ce in riƙa binsa a baya kada ya faɗi a inda ba a san shi ba, in kuma lallashe shi ya bari. Safiyar farko ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ƙanwata ce ta turo ka? Madalla. Matso gefena, ba na son a bi ni a baya." Na matsa. Ban ƙara komawa bayan ba, kuma lallashin ban taɓa farawa ba.

Tun bayan isha yake jera takalmansa a bakin ƙofar ɗaki, inda dole sai ya tsallake su in zai fita alwala. Yakan ce shi ba ya shawara da jikinsa da asuba, don a wannan lokacin jiki maƙaryaci ne, komai zai rantse maka yana ciwo. Ranar da gajiyar ta gaske ce, mukan je wurin mai shayi mu juyo, ya ce, "Ai mun fita." Juma'a hutu ce, ba ya taɓa ta ko da ƙafa na masa ƙaiƙayi. Da azumi mukan mai da abin tafiyar sauri gab da magariba, da dabino a aljihu. A tsakiyar bazara, lokacin da garin nan ke gasa mutum tun rana ba ta fito ba, mukan bi layin da ke da bishiyoyin dogon yaro mu gajarta hanya. Da damina, in ruwa ya kwanta a titi, ya naɗe ƙafar wando ya ratsa, yana gaida masu kwashe ruwa daga shagunansu.

Nisa kuwa ba da agogo ko waya yake auna shi ba, da mutane yake aunawa. "Wannan watan iyakarmu mai faci," zai ce. In muka saba da mai faci har muka san sunan 'ya'yansa, sai ya ce a ƙara, a kai mai wankin mota. Daga nan mai gadin wata makaranta, daga nan mahauci, a haka a haka har wata rana na ɗaga kai na gan mu a unguwar Old Maiduguri, ban san ƙafata za ta iya kai ni can ba. Tumbin ya zube. Matarsa ta rage wa wandunansa ƙugu har ta gaji ta ce ya je wurin tela. A rediyon mai faci ya ji labarin gudun famfalaki, ya tambaye ni nisansa. Da na faɗa masa sai ya ce, "Za mu je. Ba bana ba, amma za mu je."

Da maganar gasa ta fita, sai ga taubashina, ɗan Babban Kawu, ya ce shi ma yana ciki. Allah Ya ba wannan bawa baki da waya mai kyau, sauran abubuwan Ya bar wa wasu. Ya iso da riga mai ƙyalli, da gajeren wando a kan dogo, da agogon da ya ce yana ƙirga bugun zuciya, da wata gora mai bakin tsotsa irin ta jarirai. Kafin mu taka ko'ina ya sa na ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe. Ya dubi kaftanin Kawu ya ce, "Baffa, a haka za ka je gasa? Ai sai a ɗauka tallan turare ka zo."

Muna farawa ya tsinke kamar an saka masa wuta. Ya wuce mai shayi ba sallama, ya wuce masu benci ba ko ɗaga hannu, har wata mata ta fara jan 'ya'yanta ciki sai da Kawu ya ɗaga murya daga nesa, "Lafiya lau, Hajiya, ɗanmu ne, sabon shiga ne!" Muka tarar da shi kafin mai faci, rungume da turken wuta, yana mayar da shayin jiya. Kawu ya gaishe shi, ya gida, ya iyali, ya gajiya. Ko ɗaya bai iya amsawa ba. Bai rufa mako ba ya ce gwiwarsa, daga baya ya ce agogon ne ya lalace, wai ba a gudu ba agogo. Bayan wata biyu ya sake dawowa da sabon takalmi, ya sake tsinkewa, ya sake ɓacewa. Hotunan dai suna nan a wayarsa. Ranar rasuwa ya ɗora ɗaya a dandalin sada zumunta, wanda ya yanke Kawu daga gefe, ya rubuta a ƙasa cewa ya yi rashin uba. Da ubansa ya kafa dokar hana maganar gudu, shi ya fara cewa, "Dama ni na sha faɗa masa."

Can kusa da Old Maiduguri akwai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Ranar farko da muka kai wurinta, tana jin takunmu ta saki matsami ta faɗa bayan katanga, muka hango mayafinta yana rawa. Kawu ya ɗaga murya da gaisuwa, shiru. Washegari tun daga nesa ya mai da gudun tafiya, ya fara sallama tun ba ta hango mu ba. Haka muka riƙa yi, in mun zo daidai wurinta mu taka a hankali, in mun wuce mu ɗora. Ni abin ya fara ba ni haushi, don yana karya mana gudu. Kawu ya ce, "Ka saurari Kanurinta. Mutuniyar bakin tafki ce. Ita ma ta taɓa jin taku a bayanta." Aka daɗe a haka. Wata safiya muna fara rage sauri, sai ta miƙe da matsami a hannu ta daka mana tsawa, "Baba mai gudu, wa ya ce ka tsaya? Wuce mana!" Tun daga ranar, ita ke fara gaisuwar tun muna nesa, ta bi mu da ita har mu sha kwana. Ba ta san sunansa ba, ba ta san gidansa ba, shi ma bai taɓa tambayar nata ba.

Rigimarsa da Babban Kawu a wurin wani suna ta fashe, a zauren gidan nan, maza na zaune ana jiran abinci. Dama an daɗe ana gunaguni. Babban Kawu mutum ne da ya ɗauki mutunci a matsayin zama wuri ɗaya da babbar riga, kuma ya ƙware a kai, don ban taɓa ganin abin da ya gagare shi zama ba. Ranar ya ce surukansa sun tambaye shi ko ƙaninsa lafiya yake. Ya ce an mai da gidan abin nuni a kasuwa.

"Da gemunka, da jikokinka, kana tsalle a titi. Me ka rasa? Wa ke binka?"

Kawu ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. Bai ɗaga murya ba.

"Yaya, ranar da muka baro bakin tafki ban ga gemunka ya hana ka gudu ba. Kai ka fara isa amalanken nan, har ka sami wurin jingina."

Wani ya ce a yi haƙuri, Kawu bai ko dube shi ba.

"Ni ne na kasa. Na zauna a gindin bishiya numfashi ya ƙi fita. Yaron nan nawa ya riga ya yi nisa, ya riga ya hau, ya waiwayo ya hango ni. Ya sauko ya dawo ya ja ni, ya ɗora ni a wurinsa. Ya ce, Baba ka zauna, ni ina da ƙafa. Ka ji shi da kunnenka, Yaya, kana kusa da ni. Ba ka matsa ba, ni ma ban sauka ba." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Ba wanda ke bina. Shi ya sa nake yi. Na yi gudun da ake bina na kasa, yanzu ina so in yi wanda ni na zaɓa in kai ƙarshensa. Kuma in Allah Ya sake kawo irin waccan rana, ba ɗan wanda zai sauko saboda ni."

Ranar na fara jin yadda ɗansa ya ɓata. Babban Kawu ya tattara rigarsa ya fita bai ci abincin ba. Ban ce ba ya jin ciwon abin ba, ɗan ƙaninsa ne. Amma na lura tun daga lokacin, in muka wuce ƙofar gidansa da safe Kawu ya gaishe shi, yakan amsa da ka, idonsa na kan carbi. Na gane cewa ba surukai ne damuwarsa ba. Takun Kawu kowace safiya ne ke tuna masa amalanken, shi ya sa ya ƙosa takalman su bar gidan tun gawa ba ta yi sanyi ba.

Gudu bai kashe Kawu ba, ina so wannan ya zauna a rubuce. Zazzaɓi ne ya kama shi, ya haɗu da ciwon ciki, irin wanda ke kwashe masu zama a benci su ma, ba ya tambayar wa ke motsi. Likitan da ya duba shi da bakinsa ya ce zuciyarsa ta fi ta samari da yawa lafiya. Taubashina yana tsaye lokacin da aka faɗi haka, yana latsa waya.

Safiyar da ta zama ta kusa da ƙarshe, ina zaune a gefen gadonsa a asibiti, ya buɗe ido ya dubi ƙafata, ya ga silifa.

"Ka fita yau?"

"Kawu, ina jinyarka."

"Da ƙafa kake jinyar?" Ya yi ɗan murmushi. "Ko wurin mai shayi ne ka je ka juyo. In ka bari har jiki ya saba da zama, sai ka sake lallashinsa daga farko."

Na ce to. Ban fita ba ranar, ban fita washegari ba, daga nan kuma aka shiga makoki. Ina zaune a tabarma ina karɓar gaisuwar mutanen da suka yi masa dariya, ina amsa musu da amin. Ina jin haushinsu, kuma ba zan ɓoye ba, na raina su. Mutumin da suka kasa girmamawa yana numfashi, sun same shi a kwance sun ɗinka masa natsuwar da ta yi daidai da tasu. Daga cikin waɗanda ya gaisar kowace safiya, mai faci da mahauci da mai gadi, ba wanda aka aika wa, don ba su cikin mutanen da Babban Kawu ke kira mutane.

Daren sadakar bakwai na kwana a gidan. Da na fito alwalar asuba, sai na yi tuntuɓe da wani abu a bakin ƙofar ɗakin Kawu. Takalman ne, a wanke, a jere, igiyoyinsu a kwance yadda yake barinsu. Matar Kawu tana zaune a tabarmar takabarta daga ciki, ba ta ɗago ba.

"Ba za su shige ka ba," ta ce, "ƙafarsa ta fi taka. Na dai mai da su wurinsu ne. Naka suna ina?"

Nawa suna cikin jaka. Bayan an idar da salla na ɗaura su.

Babban Kawu yana kan bencinsa a ƙofar gida, da alhaji mai siminti a gefensa. Suka hango ni tafe. Na ga ya ɗaga carbin zai yi magana, sai na riga shi, da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

"Salamu alaikum, Kawu! Nda watu? Ya gida? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Sallama ce, a gaban mutane, ba yadda zai yi da ita. Bakinsa ya motsa, ya amsa, a daƙile. Na tambayi iyali, ya amsa. Kafin ya gama haɗa abin da ya so faɗa na riga na wuce. Mai shayi ya ɗago ya dube ni, ya dubi gefena inda ba kowa, ya dafa ƙirji ya ce Allah Ya ji ƙansa. Shi ya ji rasuwar, don yana kusa. Mai faci bai buɗe ba tukuna. Ƙafata ta yi nauyi saboda zaman kwanakin nan, kamar yadda Kawu ya faɗa, amma ta tafi.

Tun daga nesa na hango hayaƙin mai ƙosai. Ta miƙe da matsaminta, ta fara tun ban ƙaraso ba, wushe, nda watu, ya gida, ya kwana biyu, ina kuka shiga haka. Na amsa na farko, na amsa na biyu. Sai ta leƙa bayana, ta sake leƙawa.

"Ɗana, ina Baba mai gudu? Yau ka tsere masa?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Numfashi ya sarƙe, idona ya rufe da ruwa har ban ganin titi sosai. Na rage. Na ƙara ragewa, har ƙafafuna suna jan ƙasa, har mai tafiya zai iya wuce ni. Sai da na zo daidai kaskonta murya ta dawo.

"Ya rasu, Iya. Yau kwana takwas."

Na ji matsamin ya faɗi cikin mai. Ta yi salati, ta sake yi. Ƙafata ta nemi tsayawa, har na fara juyowa. Sai ta share fuska da gefen mayafi ta daka mini tsawar da ta taɓa daka masa.

"Wa ya ce ka tsaya? Wuce mana!"

Na wuce. Tana bina da addu'a daga baya, Allah Ya ji ƙansa, Allah Ya sa ya huta, Allah Ya haɗa shi da nasa, ni kuma ina amsawa da amin, ɗaya bayan ɗaya, har na sha kwana.